"An yi hoto, ba a ga komai ba": gwiwar yara da guringuntsin da hoto ba ya nunawa

A zaman tahiya na fara lura. Muna sallar magariba a ƙofar gida, ɗan yayata yana gefena, shekararsa 13 lokacin, sai na ga ya kasa naɗe ƙafar dama yadda ya kamata, ya ɗan zame ta gefe irin yadda tsofaffi masu ciwon sanyi suke yi. Da aka sallame na ce kai lafiya kuwa, ya ce Kawu ba komai, gwiwar ce in na buga ƙwallo da yawa sai ta ɗan kumbura ta ƙi naɗuwa, gobe kuma ta saki. Na ce tun yaushe. Wai tun ƙaramar salla. Mu kuwa lokacin har an yi cika-ciki, wata uku da 'yan kai kenan yaro yana fama shi kaɗai.

Na shiga ciki na sami uwarsa, ta ce ai ba zama aka yi ba, an kai shi wajen mai ɗori sau biyu ya murza ya ce targaɗe ne, da abin bai daina ba aka je aka yi hoto aka ce ƙashi lafiya lau, ba karaya ba tsagewa, shi ne aka sayo masa man zafi a kemis. Ta ce kuma in ciwon gaske ne ai da ba kullum yana fili ba. Gaskiya ban ga laifin Yaya ba, kusan kowace uwa a unguwarmu haka za ta lissafa, hoto ya ce ba komai, yaro yana gudu, to me ya rage? Ni ma da haka zan tafi in ba don zaman tahiyar nan ba.

Shi hoton da muke cewa eksire ƙashi yake gani. Guringuntsi ratsa shi yake yi ya wuce kamar babu shi, shi ya sa in ka kalli hoton gwiwa za ka ga sarari tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kamar ba su taɓa juna, alhali wurin cike yake. A yaro kuma abin ya fi haka, don da yawa daga cikin abin da zai zama ƙashi nan gaba yanzu guringuntsi ne. Ɗan shekara ɗaya in aka yi masa hoto ko ƙoƙon gwiwa ba za a gani ba, sai wajen shekara 3 zuwa 5 yake fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi. To ka ga "ba a ga komai ba" a gwiwar yaro ba ƙarya aka yi maka ba, amma magana ce da ba ta kai ƙarshe ba.

Wanda ya taɓa cin farfesun ƙafar sa ko ya ƙwalƙwale ƙashin cinyar kaza ya san abin da ake nufi. Wannan farin abu mai sheƙi da santsi da yake lulluɓe da kan ƙashi, shi ne na farko cikin guringuntsi iri uku da ke gwiwar yaro. A gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, a bayan ƙoƙon gwiwa ne ya ɗan fi kauri, amma shi ke sa ƙashi ya zame a kan ƙashi shekara sittin saba'in ba tare da sun ci juna ba. Matsalarsa ɗaya ce kuma babba, jini ba ya shiga cikinsa, jijiyar jin ciwo ma babu. Abincinsa daga ruwan cikin gaɓa yake samu, kamar soso, in ka taka ya matse ya fitar da ruwa, in ka ɗaga ya tsotsi sabo. Tunda ba jini, in ya tsage ba mai kawo masa kayan gyara. Ka yanke a hannu sati biyu ya rufe, shi kuwa ramin da aka yi yana nan yana jiranka. Tun 1743 wani likita ɗan Sikotlan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya dawowa, kuma duk na'urorin da aka ƙirƙiro daga baya har yau ba su gama ƙaryata shi ba. Tunda kuma ba ya jin ciwo, yaro zai iya yawo da rauninsa wata da watanni, sai ƙashin da ke ƙarƙashi ya fara kuka ko gaɓar ta tara ruwa sannan a sani.

Na biyu wasu 'yan matasai ne guda biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna zaune tsakanin ƙasusuwan biyu suna rarraba nauyi. Likitoci na ce musu meniskus. Zan dawo kansu.

Na uku shi ne wanda babba ba shi da shi kwata-kwata, kuma shi na fi jin tsoro in aka ce an kai yaro wajen murza. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani siririn layi na guringuntsi, daga nan ƙashi yake ƙara tsawo, sai mu ce masa layin girma. Wanda yake ƙasan ƙashin cinya dab da gwiwa shi ne mafi aiki a jiki duka, yana ƙara kusan milimita 9 a shekara, na saman ƙashin ƙwauri kuma wajen 6. Yana rufewa a mace wajen shekara 14, a namiji wajen 16, da ɗan bambanci tsakanin yaro da yaro. Abin da mutane ba su sani ba, a yaro wannan layin ya fi jijiyoyin da suka riƙe gwiwa rauni, don haka bugun da zai ba ƙato targaɗe, a ɗan shekara 11 layin girma yake iya tsagawa, kuma in ƙashin bai goce ba hoto yana iya fitowa fes. Wasu likitocin Toronto biyu, Salter da Harris, su suka kasa irin wannan karayar kashi biyar a 1963, har yau da lissafinsu ake aiki. Ita ta ƙasan cinyar nan mugun hali gare ta, kusan rabin yaran da suka same ta sai an ga wata tangarɗa a girman ƙafar daga baya. In layin duka ya mutu ƙafa ta gajarce, ka lissafa yaron da ya rage masa shekara 5 na girma sau milimita 9, santimita huɗu da rabi kenan, ɗingishin har abada. In gefe ɗaya ne ya mutu ɗayan yana ci gaba, sai ƙafa ta gwame ko ta lanƙwashe kamar baka, kuma ba a ranar za a gani ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu lokacin kowa ya manta da faɗuwar.

Ni ba na cikin masu zagin masu ɗori, akwai garuruwan da in ba su ba ba kowa, kuma da yawansu gado suka yi sun san hannunsu a karaya mai sauƙi. Amma hannu ba ya ganin layin girma. Ja da murɗa da "riƙe min shi da kyau" a gwiwar yaro, musamman bayan an kwana bakwai ko goma wuri ya fara kamawa, caca ce da tsawon ƙafarsa. Ban da ɗaurin kara mai tsanani da yake tsayar da jini har ƙafa ta ruɓe, wanda duk likitan ƙashi a Najeriya yana da labarinsa.

To mu koma kan yaronmu. Da muka samu ganin likitan ƙashi, bai fara da hoto ba, ya sa shi ya yi tafiya ya dawo, ya sa shi tsuguno, ya lanƙwasa gwiwar ya danna wani wuri ta ciki da babban yatsa, yaro ya zabura ya ce wash. Ya juya masa ƙugu ma, na ce likita ai gwiwa ce, ya ce na sani. Sannan ya rubuta sabon hoto amma ya ce a yi shi gwiwa a lanƙwashe, don wurin da yake zargi yana ɓuya a hoton da ake yi ƙafa a miƙe. A nan aka ga wani ɗan duhu kamar an gutsiri kan ƙashi. Aka tura mu MRI, wannan na'urar mai kama da rami da take ƙara kamar injin markaɗe, ka kwanta minti 30 ba motsi, ita ce take nuna guringuntsi da meniskus da jijiyoyi, kuma ba ta da hasken nan da ake tsoro a eksire.

Sunan ciwon dogo ne, a taƙaice OCD suke cewa. Wani likitan tiyata Bajamushe, Franz König, shi ya raɗa masa suna a ƙarshen shekarun 1880. Yadda aka yi min bayani kuma na fahimta, ba guringuntsin ne yake fara lalacewa ba, ɗan yankin ƙashin da yake ɗauke da shi ne jini yake raguwa a cikinsa ya yi laushi, kamar daɓen siminti da ƙasar ƙarƙashinsa ta zaizaye, sama lafiya lau kake gani amma in aka ci gaba da takawa wata rana sai ya rufta. Ana danganta shi da yawan bugun wuri ɗaya, gudu da tsalle kullum ba hutu, ya fi kama yara daga shekara 10 zuwa sama, maza sun fi mata, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a wuri guda yake fitowa, kan ƙashin cinya ta ɓangaren ciki. In aka bar shi, yankin yana iya tsagewa ya rinƙa motsi, daga nan ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗa cikin gaɓa yana yawo kamar tsakuwa a takalmi, yau ya maƙale gwiwa ta ƙulle, gobe ya zame ta saki.

Tambaya biyu likita yake nema a MRI, kuma duk maganin a kansu yake. Yankin yana nan daram ko ya fara motsi? Layin girma a buɗe yake ko ya rufe? In daram yake kuma layi a buɗe, to yaro yana da abin da babansa ba shi da shi, ƙashinsa yana iya gyara kansa, rabi zuwa kashi biyu cikin uku na irin waɗannan suna warkewa ba tare da wuƙa ba cikin wata 6 zuwa shekara. In layi ya rufe, wannan sa'ar ta ragu sosai, yawanci sai tiyata. Shi ya sa watannin da muke ɓatawa da man zafi suke da tsada, ɗan shekara 13 da ɗan shekara 17 ciwo ɗaya ne amma ba magani ɗaya ba.

Namu daram yake, Alhamdulillahi. Na ɗauka an gama, ashe nan aikin yake. Maganin wai hutu. Sati shida na farko da sanduna da abin ɗaure gwiwa, ba ɗora nauyi sosai, daga nan tafiya kawai, ba gudu ba tsalle ba ƙwallo har sai hoto ya nuna wurin yana cikewa, tare da zuwa gashi wajen 'yan fiziyo don tsokar cinya kar ta zube. Kuma ba a son a sanƙarar da gwiwa cikin siminti wata da watanni, ka tuna soso, in ba motsi guringuntsi yunwa yake ji. Wallahi da allura ce ko ƙwaya sau uku a rana da ya fi sauƙi. Ka je ka gaya wa yaron da yake buga lamba 7 a tim ɗin layinsu cewa wata shida ba fili, kuma bayan sati uku ciwon ya tafi, shi a ganinsa ya warke. Ranar da na kama shi a bayan makarantar firamare ya jingine sanduna a jikin dalbejiya yana tsaron gida, cewa ya yi Kawu ai gola ba ya gudu. Daina jin ciwo a wannan cutar ba warkewa ba ne, ciwon yana tafiya watanni kafin ƙashin ya warke, kuma a nan yawancin iyaye suke sakin jiki. Dabarar da ta yi mana aiki, kocinsu muka samu muka yi masa bayani, ya ba shi usur ya mai da shi alƙalin wasa na tsaye a gefe. Bai so ba amma ya fi zaman gida.

In an yi wata shida wuri bai nuna alamar cikewa ba, ko tun farko an ga yana motsi, sai a shiga. Yanzu yawancin aikin gwiwa ba a farke ta, huda biyu ake yi ƙanana, ɗaya a zura kyamara mai kaurin fensir ɗaya a zura kayan aiki, likita yana kallo a talabijin. Japanawa ne suka raini wannan fasahar, Masaki Watanabe a Tokyo shi ya fara yanke yagaggen meniskus ta wannan hanyar a 1962. Ga yankin da yake daram amma ya ƙi warkewa, sai a sa siririyar waya a huda ƙananan ramuka har cikin lafiyayyen ƙashi don jini ya samu hanyar shigowa, kuma a yara wannan yana ci sosai. Ga wanda ya fara ɓallewa, a ɗaga shi a kankare ƙarƙashinsa a mayar a kafe da 'yan ƙusoshi, wasu na ƙarfe da za a cire daga baya wasu masu narkewa da kansu. Duk likitan kirki ƙoƙarinsa ya ceci yankin yaron na asali, don duk abin da za a sa a madadinsa bai kai shi ba.

In kuwa yankin ya marmashe ya bar rami, to an shiga maganar faci, kuma nan ne za ka ji sunaye masu daɗi a intanet. Mafi sauƙi da araha ita ce wadda Richard Steadman ya yaɗa daga Kolorado ta Amurka a shekarun 1980, a tsattsaga ƙasan ramin da wani abu kamar basilla, jini da ɓargo su fito su daskare su cike wurin. Yana cikewa kam, amma abin da yake fitowa tabo ne, ba irin guringuntsin asali ba, kamar ramin kwalta ne aka cike da ɓurji, mota za ta wuce amma ka san bayan damina biyu uku sai a hankali. Ya fi dacewa da ƙaramin rami. Ta biyu, wadda László Hangody na ƙasar Hangari ya shahara da ita tun farkon shekarun 1990, a ciro 'yan dunƙulen ƙashi da guringuntsinsu daga gefen gwiwar inda ba a takawa sosai a dasa su a ramin a jere kamar tayil, wannan guringuntsin gaske ne amma iya abin da za ka iya ɗiba kaɗan ne, ka toshe nan ka buɗe can. In rami ya yi girma akwai dashen na mamaci, a ƙasashen da suke da wurin ajiyar irin wannan. Sai ta ƙarshe mai tsadar gaske, a Gotenbag ta Suwidin Lars Peterson da Mats Brittberg suka fara ta a 1987 suka fitar da sakamakon a 1994, a gutsiri ɗan guringuntsin mutum a kai ɗakin gwaji a raini ƙwayoyinsa makonni su yi miliyoyi sannan a sake tiyata a dasa. Tiyata biyu kenan da kusan shekara ta jinya, kuma sabon salon da Amurka ta amince da shi a 2016 ma na manya ne 'yan 18 zuwa sama. Na kawo su ne don in ka ji wani yana tallan "za mu tsiro maka da sabon guringuntsi" da ƙwaya ko garin magani ka san inda masana na gaske suka tsaya, da duk kuɗinsu da na'urorinsu faci suke yi. Su kuma ƙwayoyin gaɓɓai da ake sayarwa a kemis da tsada ba su cike rami a gwiwar yaro.

Akwai wata hanyar da guringuntsi yake ɓallewa farat ɗaya, ita kuma 'yan mata masu tasowa ta fi samu. Yarinya tana gudu ko tsallen igiya ta juya, ƙoƙon gwiwa ya goce waje ya dawo da kansa, ta faɗi tana ihu, kafin awa biyu gwiwa ta cika tim. Kumburin da ya zo da sauri haka jini ne a cikin gaɓa, kuma a yaro jini a gaɓa ba targaɗe ba ne har sai an tabbatar. Lokacin da ƙoƙon yake fita da komawa yana iya fisgo ɓallin guringuntsi da ɗan ƙashi a jikinsa, in an gano da wuri a cikin 'yan makonni ana mayar da shi a kafe ya kama, in aka daɗe ya kumbura ya canza siffa ba ya komawa mazauninsa. Haka yaron da ya faɗo daga keke gwiwa ta cika, tsakanin shekara 8 da 14 jijiyar tsakiyar gwiwa maimakon ta tsinke sai ta ɓantaro ƙashin da take manne da shi.

Meniskus ɗin da na ce zan dawo kansa. Jariri ana haifarsa jini yana ratsa meniskus ɗinsa gaba ɗaya, yana girma jinin yana janyewa baki-baki, wajen shekara 10 ya koma irin na manya inda gefen waje kawai yake samu, kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Ma'ana yagewar da a ɗan shekara 45 sai dai a datse, a yaro sau da yawa ana ɗinkewa ta kama. Da can cire shi ake yi ɗungurungum ana ganin ba shi da wani amfani, sai a 1948 wani likitan Ingila, Fairbank, ya nuna a hotuna yadda gwiwar da aka cire wa meniskus take cinyewa da shekaru. Ka cire wa ɗan shekara 14, kana iya ba shi gwiwar tsoho tun bai kai 40 ba. Don haka in aka ce za a yi wa ɗanka aikin meniskus, tambayar da za ka yi ita ce ɗinkewa za a yi ko yankewa, in yankewa ce me ya hana ɗinki. Ɗinki ya fi wahalar jinya, sanduna da takura da wata 4 zuwa 6 kafin wasa, amma ni dai a kan yaro ba na ganin akwai abin tsayawa tunani. Wata yagewar tana naɗewa ta shige tsakiyar gaɓa, hannun bokiti suke ce mata don kamarta kenan, sai ka ga yaro ya kasa miƙe ƙafa duka, wannan ba ta jiran bayan jarrabawa. Akwai kuma waɗanda aka haifa da meniskus na waje mai faɗi da kauri kamar faifai maimakon jinjirin wata, an fi ganinsa a Japan da Koriya amma ko'ina akwai, shi ne za ka ji gwiwar ɗan shekara 6 tana ƙas-ƙas in ya miƙe ta. In ba ciwo ba ƙullewa ƙyale shi ake yi, in yana damu a sassaƙe shi a mayar da shi siffar da ta dace.

Dalilin da likita ya juya ƙugun yaronmu, daga baya na gane. Ciwon ƙugu a yara sau da yawa a gwiwa ake jin sa, saboda jijiya ɗaya ce take kai saƙo daga wuraren biyu. Yaro mai jiki ɗan 10 zuwa 15 da yake ɗingishi ƙafa tana kallon waje yana nuna gwiwa, yana iya zama kan ƙashin ƙugunsa ne yake zamewa daga layin girma, ana nan ana ta shafa wa gwiwa mai. Mu da muke da sikila da yawa, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, dole mu riƙe wannan don kan ƙashin ƙugu yana iya mutuwa a masu ita. Wanda kuma ba ya kwana shi ne gwiwar da ta kumbura ta yi zafi jau ga zazzaɓi yaro ya ƙi taka ƙafar ko a taɓa ba ya so. Wannan ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa, mugunya tana fara cin guringuntsi cikin awanni, kwana biyu uku ta gama ɓarnar da ba ta gyaruwa, maganinta a wanke gaɓar a asibiti a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ba maleriya ba ce, dan Allah kar a tsaya gwada maganin taifot, kar kuma a kira wanzami ya yi ƙaho ko sakiya a kan gaɓa, hanya ake buɗe wa cuta.

Na san maganar da ke ran mai karatu, kuɗi. MRI ba arha ba ce, ba kowane gari ke da ita ba, tiyatar kyamara kuma sai manyan asibitoci irin na koyarwa da na ƙashi kamar na Dala a Kano da yake aiki tun 1959. Amma ba kowace gwiwa ce take buƙatar MRI ba, ciwon da yake fitowa a ɗan tudun nan na ƙasan ƙoƙon gwiwa a yara masu wasa misali, da hannu ake gane shi kuma da kansa yake wucewa in girma ya tsaya. Abin da yake buƙatar likitan ƙashi shi ne kumburin da yake tafiya yana dawowa, ɗingishin da ya wuce sati biyu uku, gwiwar da take ƙullewa ko take sakin yaro ya durƙushe, da cinyar da ta fi 'yar uwarta sirancewa. Masu horar da yara kuma akwai atisayen ɗumama jiki na minti 20 da FIFA ta fitar mai suna 11+, kyauta ne, an gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas aka buga sakamakon a 2014, raunuka suka ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Da ace kocinmu na layi yana yin rabinsa maimakon zagaye fili sau goma a ce an yi tirenin.

Yaronmu sai a wata na bakwai hoto ya nuna wurin ya kusa shafewa. Aka ce ya fara sassarfa a ƙasa mai laushi, bayan wata ɗaya gudu a miƙe, juye-juye da taka leda sai a ƙarshe. Yanzu yana naɗe ƙafarsa a tahiya har ya zauna a kanta. Likitan ya ce tunda ciwon yakan fito a gwiwa biyu a kusan yaro ɗaya cikin huɗu ko biyar, a kawo shi bayan babbar salla a ɗauki ta hagun ita ma, ko da bai ce tana ciwo ba. Yaya ta rubuta ranar a jikin kalandar ɗakinta.